Tumakin Katako na Athol Nuske

Mu 'yan taron wasannin tebur na garinmu muna da wani ƙyalle da muke ratayawa a bakin ƙofar zaure duk shekara, an rubuta masa da manyan baƙaƙe: KOWA NA DA KUJERA A NAN. Ni na yi masa kalmasa da keken ɗinkina. Yanzu in na ɗaga kai na gan shi sai na ja tsaki, wani lokaci har mutane su juyo.

Sunana Raelene, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina riƙe da teburin aro. Kwana uku ake yi, a hutun watan Yuni lokacin da sanyi ke shiga ƙashi a ƙasarmu, a babban zauren filin baje kolin amfanin gona. Ba wanda ake biya ko sisi. Mutane na zuwa daga Horsham, daga Ballarat, har daga Adelaide, su karɓi akwatin wasa a hannuna, su je su buga, su dawo da shi. Yadda suke dawo da shi ne ba na son tunawa ina cin abinci. Na ga katin da aka sakace haƙori da shi. Na ga allon da aka ɗora wa soyayyen naman sosej har maiƙo ya ratsa ta baya. Wata shekara na buɗe akwati na tarar da filastar ciwo da aka ɓare daga yatsa, da jini-jininta, an cusa ta a kusurwa. Manyan mutane fa, masu gemu, masu digiri! Kafin la'asar ɗin Asabar zauren nan warin hammata da soyayyar albasa da jiƙaƙƙiyar safa yake yi, ga hitar ɗumama ɗaki a kunne, ga tagogi a rufe. Duk wannan na iya shanyewa. Abin da aka yi wa Athol Nuske ne ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa nake faɗa.

Athol a nan yankinmu na Wimmera aka haife shi, a wata gonar tumaki da fari ya raba ubansa da ita tun Athol bai yi gemu ba. Yana shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya shiga askin tumaki, ya yi shekara arba'in a duƙe, daga wannan rumfar aski zuwa waccan, har bayansa ya ƙi miƙewa. Matarsa ta kama gabanta tun 'yarsu Kerryn na goye, kuma ba ya zancen. Da aski ya gagara sai aka ba shi gadin filin baje kolin, shi ke riƙe da makullai. To ta nan ya shigo mana. Shekarar da aka fara taron, shekara goma sha tara ke nan, ya zo buɗe ƙofa ne kawai, ya tsaya yana kallon wasu mutum uku da ke neman na huɗu. Suka ce ya zauna. Ya zauna da makullai a hannu, ya ci su duka, kuma bai yi murmushi ba.

Tun daga ranar tebura suka zama nasa. Tebur sittin, kujera kusan ɗari uku, shi ke fito da su daga rumbun ajiya, shi ke jerawa, shi ke manna wa kowanne lamba, shi ke mayarwa. Banɗakin maza kuwa, wanda ni ko ƙofarsa ba na wucewa sai na toshe hanci, shi ke shiga da bokiti da mofar goge ƙasa sau huɗu a yini. Ban san yadda namiji zai iya lissafin zagaye goma a gaba cikin wasa amma ya kasa saita fitsarinsa ba. Na taɓa ce masa, "Tsoho, wai kai bawan uban wa ne? Ka bar musu kayansu su yi iyo a ciki."

Ya ce, "Yarinya, wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin wutsiyar tunkiya, me zai gani a can ya tsorata?"

Yarinya yake ce mini, ina da jika huɗu.

Athol yana da wasa guda da ya ƙirƙira da kansa. Shekara goma sha ɗaya yana yin sa. Ya je tsohuwar gonar ubansa ya roƙi masu ita na yanzu wasu ruɓaɓɓun turakun shinge na jan katako, ya sassaƙa tumaki ɗari da ashirin, kowace kamar kan babban yatsa. Gona huɗu ce a bakin rafi ɗaya, kowace gona da tumaki talatin, kuma kowace da irin tsagar kunnenta, yadda makiyaya ke yi. Ya tsaga kunnuwa ɗari da ashirin da wuƙar aljihu. Allon kuwa falanki ne da ya shafa wa fenti, rafin na ratsa tsakiya, kowace gona da ɗan tudu a kusurwarta.

Shekara huɗu ake bugawa a cikin wasan. Uku na farko fari ne: ciyawa na ƙarewa, rafi na ƙafewa, kana zaɓen wadda za ka sayar, wadda za ka ciyar, wadda za ka bari ta mutu. A shekara ta huɗu ruwa ke zuwa, ya zo da ambaliya. A nan kowane ɗan wasa yake ɗaukar 'yan katako biyu, ɗaya ƙofa a buɗe, ɗaya a rufe, ya ɓoye ɗaya a tafin hannu, ba magana, ba ƙifta ido. In ka buɗe, tumakin maƙwabcinka su hau tudunka su tsira, amma su cinye 'yar ciyawar da ta rage maka. In ka rufe, naka su ƙoshi, nasa su tafi da ruwa. Sai a buɗe hannu lokaci guda.

Duk wasan saboda wannan buɗe hannun ya yi shi. Kuma bai taɓa ganin sa ba. Dole sai mutum huɗu, kuma sai an yi wajen awa huɗu da rabi kafin a kai. Ya sha bugawa shi kaɗai a kicin ɗinsa, yana tashi daga wannan kujera zuwa waccan, amma in ya kai ga ruwan sai ya tsaya, don mutum ba ya ɓoye wa kansa abin da ke hannunsa. Abin da yake nema a duniya ke nan: ya ga mutum huɗu sun kai shekara ta huɗu sun buɗe hannu.

Muna da teburin gwaji, inda masu ƙirƙirar wasa ke shimfiɗa nasu, jama'a su gwada, su rubuta ra'ayinsu a ɗan kati. Shekara shida Athol na kawo nasa. Abu ɗaya ake yi masa kullum. A zauna, a yi ta juya tumakin ana "kai, dubi kunnenta", a buga awa ɗaya, sai wani ya tuna yana da gasa ƙarfe biyu, wata ta tuna ta bar fitilar mota a kunne. Su ɗauki kati su rubuta: Madalla. Ya yi kyau sosai. Zan so in sake bugawa. Mu nan ba mu iya cewa mutum abinka ya yi tsawo ba, gara mu yi masa murmushi mu zame ta baya. Wannan ladabin namu na banza ya fi filastar nan ba ni ƙyama.

Wata rana ina taya shi naɗe kujeru ya ce, "Rae, kati arba'in da ɗaya gare ni a gida, duk sun ce yana da kyau. To in yana da kyau haka, me ya sa ba wanda ya taɓa jiran ruwan?"

Na ci gaba da naɗe kujeru. Biyu daga cikin katunan nan rubutuna ne.

Bara hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba, daga baya makulli ya ƙi shiga rami sai ya riƙe da hannu biyu. Kerryn ta zo daga Darwin ta ga yadda yake, ta ce ba ta yarda ba, watan Yuli za ta dawo ta tafi da shi. Aka sayar da gidan. Darwin kuwa ba nan kusa ba ce, kuma bai san kowa a can ba sai ita.

A zaman kwamiti na watan Mayu, bayan an gama musu a kan wa zai soya sosej, Athol ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Shekara goma sha tara ban taɓa jin ya roƙi komai ba, ko canjin mofa. Ya ce wannan ne taronsa na ƙarshe, yana neman mutum uku su zauna da shi ranar Lahadi su buga wasansa har ƙarshe. Har ƙarshe, ya maimaita.

Shugabanmu Hamish, mai kantin magani, mutum ne da bakinsa ya fi zuma zaƙi. Ya dafa ƙirji. "Haba Athol, haba! Wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ni ne na farko, rubuta ni."

Brodie, wani ƙaton saurayi mai gyaran kwamfuta, wanda gemunsa ke riƙe da tarihin duk abin da ya ci tun safe, ya ce da baki cike da biskit, "Ni ma, mutumina. Ko awa goma ne."

Na ce, "Ni ce ta uku. Kuma duk wanda ya tashi kafin a gama, sai na karya masa ƙafa." Aka yi dariya.

Ranar Lahadi ƙarfe goma muka zauna a tebur na goma sha huɗu, kusa da hita. Na bar wa wata teburin aro. Athol ya zo da rigar da yake zuwa jana'iza da ita, ya yi aski, har ya yanke kansa a haɓa. Sai da ya ɗauki kusan minti ashirin yana jera tumakin saboda rawar hannu, kuma ya hana mu taya shi.

Awa ta farko ba daɗi, gaskiya. Hamish na ta latsa waya a ƙarƙashin tebur yana cewa "mm, da kyau, da kyau". Brodie ya zo da sosej biyu a burodi, miyar tumatir na ɗiga ta gwiwar hannunsa, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya har da ƙara, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki tunkiya. Na buge hannun.

"Je ka wanke, ƙazami kawai! Shekara goma sha ɗaya aka yi ana sassaƙa su don ka shafa musu yawunka?"

"Kai Rae, ke dai ba ki da daɗi," ya ce, ya goge a wando.

Athol ya laluba aljihunsa. Ya ciro hankici ya goge tunkiyar, ya mayar da ita inda take.

Amma a shekara ta biyu wani abu ya faru. Rafin ya ƙafe ta ɓangarena, ciyawata ba za ta ishi fiye da goma sha takwas ba, ni kuwa ina da ashirin da biyar. Na zauna ina kallon su. Katako ne, na sani, amma akwai wata mai karkataccen wuya da na saba da ita, na kasa cire ta. Sai na lura Hamish ya kifa wayarsa. Brodie kuwa yana ƙirga ciyawarsa da yatsa, ya sake ƙirgawa. A shekara ta uku ya rasa tara a zagaye guda, ya kwashe su ya ajiye a gefe a hankali, ya ce, "Wannan wasan mugu ne, Athol." Athol ya ce, "Haka abin yake." Kuma na ga bakinsa ya motsa kaɗan, wanda a wurinsa dariya ce babba.

Wallahi wasan yana da kyau. Ba na kati nake faɗa ba. Da ma ba wanda ya taɓa zama ya kai inda kyawunsa yake.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka gama shekara ta uku. Ina da tumaki bakwai, Brodie na da tara, Hamish goma sha biyu, Athol takwas. Saura awa ɗaya. Athol ya ɗauko katin ruwa ya ajiye shi a kife a tsakiyar allo, hannunsa na kaɗawa har katin na ƙara a kan falankin. Hamish ya miƙe ya yi miƙa, ya ce a ba shi minti goma ya sa wani abu a ciki. Brodie ya bi shi. Ni kuma aka zo aka ce ana nemana a teburin aro, wani ya dawo da akwati babu murfi.

Ruwa ake tafkawa a waje ranar, na gaske, saboda haka duk wanda ke filin ya shigo ciki. Zauren ya cika maƙil. Mutane na tsaye rungume da akwatuna suna raba ido, ba tebur.

To muna da doka a kan wannan. Teburin da aka shimfiɗa wasa a kai, in ana jiran wuri kuma ba mutum biyu daga cikin 'yan wasansa a zaune, mai kula da tebura zai ajiye masa agogon dafa ƙwai mai ƙararrawa, rabin awa. In ya kaɗa ba su dawo ba, a kwashe, a ba wasu. Athol ne ya kawo dokar shekarun baya, lokacin da wasu ke shimfiɗa wasa su tafi mashaya su bar tebur yini guda. Ni na buga ta a takarda. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, ya taɓa kwashe wasan Hamish kansa.

Da na dawo, na tarar da shi zaune shi kaɗai, ga wasu mata da miji daga Adelaide a tsaye da akwati a gefe, ga agogon ƙwai a bakin allonsa yana tafiya. Saura minti ashirin da biyu.

"Tsoho, ka haukace? Wa ya sa wannan?"

"Ni. Ana jira."

"Teburinka ne fa!"

"Tebur ne."

"Ina waɗancan 'yan iskan?"

Ya nuna da haɓa can ƙarshen zaure. Wani mutum ne ya zo daga Melbourne da sabon wasa da aka kawo daga Jamus, wai shi kaɗai ne a ƙasar nan gaba ɗaya, kuma ƙarfe uku zai kama hanya. Yana neman mutum biyu. Na hango ƙeyar Hamish da faffaɗan bayan Brodie, a zaune, har an raba musu kati.

Jinina ya hau kaina. Na ce, "Bari in jawo su da kunne."

Athol ya ce, "Rae..."

Ban tsaya ba. Na kutsa cikin mutane ina ture su da gwiwar hannu.

"Hamish! Tashi."

Ya ɗago da murmushin nan nasa na bayan kanta. "Rae, minti goma kawai. Muna dai ganin yadda ake jera shi ne."

"Jera uwar me? Ga kati bakwai a hannunka! An sa wa teburin Athol agogo."

"Haba, ai Athol ba zai kwashe nasa ba. Ki ce ya kashe agogon, ni na ce."

"Kai ka taɓa ganin ya kashe wa wani? Je ka faɗa masa da bakinka, in kana da ido."

Brodie ko juyowa bai yi ba. Yana cin soyayyen dankali daga takarda, ya ce, "Kwantar da hankalinki, Rae. Tumakin ba za su gudu ba, katako ne."

Wasu a teburin suka yi dariya. Nan na manta da duniya. Na ce masa shi ne katako, katakon ma wanda gara ta ci. Na ce gemunsa ya fi kwandon sharar kicin wari, kuma tsohon da yake yi wa dariya shi ke goge fitsarinsa daga bango shekara da shekaru. Na juya kan Hamish na ce ya dafa ƙirji a gaban kwamiti, ashe ba komai a cikin ƙirjin sai maganin tari. Mutumin Melbourne, wani siriri mai tabarau, ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ki rage murya, ana bayanin doka." Na ce, "Kai kuma wa ya sa bakinka? Ɗauki kwalinka na Jamus ka kama hanya tun ruwa bai cinye titi ba." Ya ce zai kai ƙara wurin shugaba. Na ce ga shugaban nan a gabanka, kai masa. Mutane suka taru. Hamish ya ce in tuna akwai baƙi, in tuna sunan taro. Na ce sunan taro ya ci ƙaniyarsa. Ina jin daɗin kaina fa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Kowace kalma na fita daidai, ina ganin fuskar Hamish na ja, ina ƙara wuta.

Ina tsakiyar gaya wa Brodie abin da uwarsa ta kasa koya masa sai na ji ƙararrawa daga can ɗaya ƙarshen. Siririya ce, amma ta ratsa duk hayaniyar.

Kafin in kutsa in koma, Athol ya riga ya share gonar Hamish da tawa. Yana tattara tumakin da gefen hannu zuwa cikin jakar ƙyalle, wasu na zamewa suna gangarawa ƙasa. Matar nan ta Adelaide ta durƙusa tana tsince masa, kunya ta kama ta, tana cewa, "A'a, don Allah ka bari, mu ba sauri muke ba, za mu jira." Ya ce, "Goma sha huɗu naku ne." Ya ɗauke allon ya jingine, ya ciro tsumma ya goge teburin tas, har gefe-gefe, ya ja wa matar kujera.

Na ce, "Athol, mu sake jerawa. Na tuna, ina da bakwai, Brodie tara..."

"A wane fili kowace take? Ciyawa nawa ta rage wa kowa?"

Wannan kam ban tuna ba.

Na ce, "Gobe fa?"

"Gobe kwashe kaya. Tebur sittin."

Sai a lokacin na dubi kujerar da na tashi daga kai, matar na zaune a kanta tana buɗe akwatinsu. Mutum biyu dokar ta ce. Shi ɗaya, ni ɗaya. Ni na buga ta da yatsuna. Ba a bukaci in jawo kowa da kunne ba, ba a bukaci bakina ba ko kaɗan. Da na sa ɗuwawuna a kujerar nan na yi shiru, da ya ɗauke agogon, da mun jira su har ƙarfe uku, mutumin Melbourne ya tafi, su dawo da kunyarsu mu ga ruwa.

Na ce, "Da na zauna..."

Ya ce, "E. Da kin zauna."

Bai sassauta mini ba. Ya ɗauki bokitinsa ya nufi banɗaki, don lokacin zagayensa na uku ya yi.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna sai ga su. Hamish ya tsaya a gaban tebur na goma sha huɗu ya buɗe hannuwa. "Ah! An kwashe? Kash, kash, kash. Athol, wasan nan fa ya haɗu. Badi lalle sai mun ƙarasa shi." Badi. Shi da ya sa hannu a katin sallamar da aka saya wa Athol. Brodie ya ce ai laifina ne, da ban tsaya zagi ba da sun gama da wuri. Ban iya ko tsinka masa mari ba, don rabin maganarsa gaskiya ce.

Ranar Litinin da hantsi aka yi rufewa. Hamish ya hau kan akwati ya yi jawabi a kan Athol, ya kira shi ƙashin bayan taro, muryarsa har tana rawa. Ya miƙa masa takardar yabo a firam ɗin roba. Aka tashi tsaye ana tafi, Brodie na fito da yatsu biyu a baki. Ni ban tafa ba, amma wannan bai wanke ni da komai ba. Da aka gama kowa ya ɗauki jakarsa ya fice, suka bar kujerun da suka tashi daga kai don girmama shi, shi ya bi yana naɗewa.

Ina shirya akwatunan aro ya zo ya tsaya a gabana da jakar ƙyallen. A ƙarƙashin teburina akwai wani babban gwangwanin madara da nake tara tsintattun 'ya'yan wasa, waɗanda aka share daga ƙasa ba a san na wane akwati ba ne. In wani wasa ya rasa ɗa, sai in laluba in ba da wani a madadinsa. Ya ce in miƙo masa. Na miƙa, ban gane ba. Ya kwance bakin jakar ya juye tumakin duka a ciki, a kan ɓallayen robobi da maɓallai.

"Athol! Me ke nan? Tafi da su Darwin mana, ka samu wasu a can."

"Hannun nan ba zai sake jera su ba, yarinya. Allon na bar shi a rumbu, yana da kyau a dafe ƙofa da shi. Waɗannan kuwa, in wani ya rasa ɗan wasa ki ba shi. A nan ko ba komai wani zai taɓa su."

Na riƙe gwangwanin, ya yi nauyi. Na ce, "To gaya mini, ko don in sani. In an buɗe hannun, me ke faruwa? Mutane na buɗe ƙofar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ke bayan wata.

"Ina zan sani? Ai abin da na zo tambayar ku ke nan."

Ya ba ni makullan zaure in miƙa wa Hamish, ya koma kan kujerunsa.

Kerryn ta zo ta tafi da shi cikin Yuli kamar yadda ta ce. Bana an yi taro, an rataya ƙyallen, Hamish na nan a shugabancinsa, Brodie na nan da gemunsa, ni ma ina nan, ina gaishe su suna amsawa. Banɗakin maza ya toshe tun ranar Asabar ba wanda ya shiga. Ina ba da tumakin kamar yadda ya ce, ɗaya-ɗaya, ga duk wanda ya zo da akwatin da ya rasa ɗa. Sukan juya ta su ce, "Kai, dubi kunnenta," kuma da yawa ba sa dawowa cikin akwatin, aljihu suke shiga. Ɗari da ashirin ya juye mini. Makon jiya na zazzage gwangwanin na duba, saura talatin da ɗaya.